Tocilar Jiya Ko Ta Yau: Wacce Ya Kamata Mu Riƙe?

A wani dare cikin makon jiya, bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida ni da wani tsohon abokin aikina da muka yi shekaru muna rangadin ƙauyuka tare, sai aka ɗauke wuta. Kafin a ce kwabo kowannenmu ya zaro tocilarsa. Tasa irin ta dā ce, ta ƙarfe mai walƙiya, mai cin manyan batura biyu, wadda ya ce ya saya da albashinsa na farko. Tawa kuwa ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, amma da na matsa makunninta sai ta haske har bangon makwabta, tasa kuma ta tsaya tana ba da ɗan jan haske a kan tabarma. Na yi masa dariya, shi kuma bai ce mini kome ba sai da ya tambaye ni, "Alhaji, wannan taka ita ce ta nawa da ka saya a bana?" Da na ƙirga a zuci sai na yi shiru, domin ita ce ta uku.

Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ya kamata in gaya wa mai karatu tun da wuri cewa ni ina cikin mutanen nan da Allah ya jarabce su da son tocila, kamar yadda ya jarabci waɗansu da son agogo ko tattabaru. Akwatina cike yake da su, tsofaffi da sababbi, saboda haka ba zan yi magana a kan ƙiyayyar ɗaya ba. Kuma kada wani ya ɗauka wannan batu ne na marasa aikin yi. A ƙasar da har yanzu gidaje masu yawa ke kwana ba lantarki, tocila tana cikin kayan da ɗalibi ke cin jarrabawa da su, ungozoma ke karɓar haihuwa da su, maigadi kuma ke tsare dukiyar jama'a da su. Abin da ya kai wannan matsayi ya cancanci a zaɓe shi da hankali.

Bari mu fara da asalin abin, domin a san cewa ita ma tsohuwar da muke yabo ta taɓa zama sabuwa. A ranar 10 ga Janairu, 1899, aka ba wani Bature ɗan asalin Ingila mai suna David Misell takardar mallakar fasahar tocila a Amurka, kamfanin Conrad Hubert na birnin New York kuma ya shiga ƙera ta, shi ne kamfanin da daga baya ya shahara da sunan Eveready. Tocilolin farko ba su iya daɗewa a kunne, sai a haska a kashe don batir ya huta, shi ya sa har gobe sunan da Amurkawa ke kiranta da shi yake nufin haske mai walƙawa ya ɗauke. Bayan 1910 aka soma sa wa ƙwai zaren tangistan mai juriya, a 1959 batir ɗin alkalin na zamani ya shiga kasuwa, a 1979 kuma Anthony Maglica ya fito da Maglite, mai jikin alminiyum, wadda ake murɗa kanta a tattara haske ko a baza shi, kuma take ɓoye da ƙwai na ko-ta-kwana a murfin gindinta. A nan ƙasarmu, wanda ya yi wayo a zamanin da aka kafa NEPA a 1972 ya san tocilar ƙarfe da batura irin su Berec da Tiger Head, ya kuma san darajarta a ɗakin amarya da jakar ɗan makarantar kwana.

Sabuwar kuwa ta tsaya ne a kan ƙafafu biyu. Ta farko ita ce ƙwan da ake kira LED, wanda ba shi da zaren da zai ƙone. Tun a 1962 Nick Holonyak ya samar da mai jan haske, amma farin haske bai samu ba sai da masana uku 'yan Japan, watau Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda za a yi mai shuɗin haske mai ƙarfi a farkon shekarun 1990. Daga shuɗin ne ake samo farin, ta hanyar shafa masa wani sinadari mai launin rawaya, kuma a kan wannan aiki aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2014. Ƙafa ta biyu ita ce batir ɗin litiyum mai caji, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Haɗuwar waɗannan biyu ita ce ta sa abin da bai kai ɗan yatsa ba yake rinjayar tocilar abokina.

To, idan maganar haske ce zalla, gardama ta ƙare tun ba a fara ba, kuma ina roƙon 'yan'uwana masoya kayan dā su haƙura su karɓi gaskiya. Ana auna yawan haske da ma'aunin da ake kira lumen, ana kuma auna wutar da fitila ke sha da wat. Ƙwai mai zare yana ɓarnatar da fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da ya sha a matsayin zafi, abin da yake bayarwa bai cika wuce lumen 10 zuwa 15 a kan kowane wat ba. Ƙwan LED mai kyau yana ba da fiye da lumen 100 a kan wat guda. Ƙwan tocila mai batir biyu yana shan wat ɗaya da 'yan kai, saboda haka da wuya haskensa ya wuce lumen 20. Ma'anar wannan lissafi ita ce, da wutar da tsohuwar za ta sha ta haska maka gaban ƙafarka, sabuwar za ta haska maka tsakar gida duka, ko kuma ta ba ka hasken tsohuwar na tsawon lokaci ninki wajen goma. Ga ɗalibin da ke sayen batir da kuɗin karinsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Bugu da ƙari, zaren tsohon ƙwai yakan tsinke da zarar tocila ta faɗi, kuma ya kan zaɓi daren da ake tsananin bukatarsa.

Wanda ya yi aiki a karkara ya san cewa ƙarfin haske wani lokaci shi ne tsakanin mutum da asibiti. Mutanen yankin Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake da asibitin masu saran maciji, sun san kububuwa, ƙaramar macijiya mai launin ƙasa wadda ke yawo da dare, wadda kuma ba a cika ganinta ba sai an kusa taka ta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Manomin da zai fita bayan gari da dare a cikin damina, ni ba zan ba shi tocilar da haskenta ke ja yana disashewa ba, kome ƙaunar da nake yi wa ƙarfenta. Har ma akwai ƙananan tociloli na zamani masu wani haske da ya wuce shuɗi, waɗanda in an haska kunama da su sai jikinta ya yi ƙyalli a cikin duhu. Tsohuwar ba ta da wannan a tarihinta. Sabo turken wawa ne, in ji masu iya magana, kuma wanda ya ƙi abu mai amfani don kawai bai saba da shi ba, ya cuci kansa.

Amma fa abokina bai yi tambayarsa a banza ba. Tsohuwar tocila tana da halaye uku da suka sa ta kai shekara arba'in a hannunsa. Na farko, kowa yana iya gyara ta. In ka kwance ta, abin da za ka tarar bai wuce jiki da makunni da ƙwai da kaskon da ke tattara haske da murɗaɗɗiyar wayar gindi ba. In ta ƙi kamawa, sai a kankare tsatsa, ko a miƙe wayar, ko a sauya ƙwai, shi ke nan. Mu da muka yi makarantar kwana mun koyi yadda lantarki ke zagayawa daga jikinta tun kafin malamin kimiyya ya zana mana a allo. Na biyu, abincinta yana ko'ina. Babu ƙauyen da za ka je ka rasa mai tebur da ke sayar da babban batir, alhali kuwa mai caji in ta mutu a inda ba lantarki ba kuma farantin hasken rana, ta zama kaya. Na uku, haskenta yana nuna launin abu yadda yake. Masana suna da ma'aunin wannan, wanda suke kira CRI, ƙarshensa 100 ne, kuma ƙwai mai zare yana kan 100 ɗin, yayin da yawancin ƙwayayen LED masu araha suke wajen 70, haskensu fari fat mai ratsin shuɗi. Malamin asibitin da ke duba idon mara lafiya ko launin rauni da dare ya san illar hasken da ke sauya launi. Ana samun LED mai 90 ko fiye, sai dai ba shi ne ya cika kasuwa ba.

A nan ne nake ganin jama'a suka yi kuskuren ɗora gardamar. Mun ɗauka zaɓi tsakanin abu biyu ne, alhali uku ne. Akwai tsohuwa ta gari, akwai sabuwa ta gari, sannan akwai ta uku, wadda ita ce ta mamaye kasuwanninmu: tocilar roba mai caji, a manne ruf, ba ta da murfin da za a buɗe, an rubuta mata manyan lambobi a kwali. Biyu daga cikin ukun da na saya a bana irin wannan ne, kuma ni da nake taƙama da sanin tocila araha ce ta ruɗe ni. Da na fasa ɗaya don in ga abin da ya kashe ta, sai na tarar da ɗan ƙaramin batir mai dalma, irin na mota amma ƙanƙane, ba tare da wata na'urar da za ta tsayar da caji in ya cika ba. Irin wannan batir in an bar shi a mace ya lalace, in an bar shi a jone ya daɗe ya bushe. Ƙwan nata lafiya lau yake, yana iya shekaru yana aiki, amma dole a jefar da ita gaba ɗaya saboda batir. Araha ba ta ado, haka iyayenmu suka ce.

Daɗin daɗawa, inda ake jefar da su abin dubawa ne. Suna ƙarewa a juji da kwata, yara su fasa su suna wasa. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara. Gaskiya ne can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje gubar ta fito, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma bai kamata mu zuba ido yana taruwa a bayan gidajenmu ba.

Sai kuma maganar lambobin kan kwali. Tun 2009 masu ƙera tocila a Amurka suka amince da wata ƙa'idar awo da ake kira FL1. A bisa wannan ƙa'ida, ana auna lumen ne tsakanin daƙiƙa 30 da minti 2 bayan an kunna, kuma ana ƙirga tsawon aikin batir har zuwa lokacin da haske ya sauko kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Watau ko kamfani mai gaskiya ya rubuta awa 10, ba yana nufin awa 10 da cikakken haske ba. Ƙaramar tocilar da ta yi alkawarin lumen 1,000 tana iya bayarwa, amma na 'yan mintoci, domin zafi zai sa ta rage kanta da kanta. In haka abin yake ga masu gaskiya, ina ga waɗanda ke rubuta lumen dubu ɗari a jikin abin da bai fi kwalbar turare ba? Haka kuma batir ɗin litiyum da aka fi sa wa tocila, wanda ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne tsawonsa kuma 65, na ƙwarai cikinsa bai cika wuce 3,500 ba a ma'aunin mAh. Duk wanda ka gani an rubuta masa 9,900, ka san ƙarya ce tsagwaronta, kuma mai yiwuwa tsohon batir ne aka sa wa sabuwar riga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ya kamata kuma a san cewa litiyum ba ya shiri da zafi. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, tocilar da aka bari a cikin mota a rufe ko a kan taga batir ɗinta zai tsufa da wuri, wanda aka huda ko aka yi wa caji da na'ura marar kyau kuma yana iya kama wuta. Ba a kwana da shi a jone a kan katifa. Tsohon batir nasa laifin shi ne zubar da ruwa ya cinye cikin tocila in an manta da shi, maganin wannan kuwa shi ne a cire shi in za a ajiye ta.

Wani matashi zai ce duk wannan surutu na mene ne, tun da kowace wayar hannu tana da fitila? Amsata ita ce, fitilar waya ta neman makulli ce a ƙarƙashin gado. Ba ta da kaskon da zai jefa haske nesa, kuma tana cinye cajin da za ka nemi taimako da shi in dare ya yi tsanani. Mai hankali ba ya haɗa fitilarsa da hanyar kiran 'yan'uwansa a kan batir guda.

To, ina na tsaya? A nawa ra'ayin, a sayi sabuwa, amma a auna ta da ma'aunin tsohuwa. Kafin ka biya kuɗi, ka yi mata tambayoyin da tocilar abokina ta riga ta amsa. Shin ana buɗe ta a cire batir a sa wani? Shin batir ɗin nan ana samunsa a kasuwar garinku? Shin jikinta zai jure faɗuwa, kuma akwai zoben roba a bakin murfinta da zai hana ruwa shiga? Shin tana da matakin ƙaramin haske, wanda shi ne za ka fi amfani da shi, wanda kuma zai kai ka kwanaki? In amsar tambaya ta farko a'a ce, ka ajiye ta kome kyanta. Wannan ba tsaurin ra'ayin tsoho ba ne, domin Tarayyar Turai ma ta yi doka a 2023 wadda ta tanadi cewa daga 2027 yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a can dole ne mai su ya iya cire batir ɗinsu ya sauya. Ashe masu ƙera kayan zamanin su ma suna komawa ga darasin tsohuwar tocila.

Ga ɗalibi, shawarata ita ce ƙaramar LED mai cin ƙananan batura na yau da kullum, ko fitilar goshi wadda ke barin hannu biyu a sake don riƙe littafi da alƙalami. Lumen 20 zuwa 50 ya ishi karatu, abin da ya wuce haka sai ya dawo daga farar takarda ya gajiyar da ido, kuma haske mai ɗan rawaya ya fi farin fat daɗin karatu. In da hali, a haɗa da batura masu caji na nikel, waɗanda ake yi wa caji sau ɗaruruwa. Ga ma'aikacin da ke yawan rangadi, ya riƙi biyu: mai litiyum don ƙarfin haske, da mai batir na kanti don ranar da caji ya gagara. Ga ma'aikatan sito da masu sayo wa hukuma kaya kuwa, nauyin ya fi girma, domin tocilar da suka sa hannu aka saya ita ce za ta je hannun maigadin makaranta da ungozomar ƙauye. Su rubuta a takardar oda cewa sai mai buɗaɗɗen batir, su kuma gwada samfurin dare guda kafin su karɓi kwali ɗari. Kuɗin jama'a ne, kuma ran jama'a ne.

Ga wanda yake da tsohuwa a gida, kada ya jefar. Yanzu ana sayar da ƙwan LED da aka yi daidai da mazaunin tsohon ƙwai. A cire wancan a sa wannan, a tabbata ya dace da yawan baturan tocilar, sai ga jikin jiya da hasken yau, kuma batir ɗin da dā yake yin 'yan kwanaki ya kai makonni. Abin da na yi wa tocilar abokina ke nan washegari, ya kuma karɓa bayan doguwar gardama, da sharaɗin in mayar masa da tsohon ƙwansa ya ajiye. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba laifi ba ne a zuba ta a sabon mazubi, ko a zuba sabuwa a tsohon.

Daga ƙarshe, ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, watau SON, da ta sa ido a kan lambobin ƙarya da ake rubuta wa tociloli da batura, domin wanda ya rubuta awon da babu shi bai bambanta da mai tauye mudu ba. Ina kuma kira ga kwalejojinmu na fasaha da su koya wa ɗalibai sauya batir da gyaran makunnin waɗannan fitilu, su kuma nemi hanyar tattara matattun batura, domin sana'a ce da ke kwance a juji tana jiran masu ɗauka. Mu kuma masu saye, mu daina tambayar mai kanti wacce ta fi haske kaɗai, mu riƙa tambayarsa wacce za ta kai baɗi. Allah ya haskaka mana gidajenmu da zukatanmu, amin.